Kansila Makundi Ya Tafi Hawan Kilimanjaro

Shekara ashirin da biyu ina kai mutane ƙololuwar Kilimanjaro. Na kai Jamusawa, na kai 'yan Japan, na kai wata tsohuwa 'yar Koriya da ta girmi mahaifiyata, amma ban taɓa shan wahalar baƙo kamar yadda na sha ta kawuna ba.

Kawu Eliatosha Makundi ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ne kansilan mazaɓarmu ta Kiraweni a nan Marangu, zango uku a jere. A gindin dutsen aka haife shi, kuma bai taɓa yin jawabi bai sako dutsen a ciki ba. Ko famfo ya zo buɗewa sai ya nuna sama da sandarsa wajen Kibo, babban kan dutsen, ya ce mu 'ya'yan Kibo ne, ba ma sunkuya wa kowa. Labarin da ya fi so shi ne na lokacin da yake saurayi, wai ya hau har can sama, ya tsuguna a bakin ramin da ke saman dutsen ya ɗumama hannuwansa da wutar da ke ci a ciki. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya zuwa can ya san babu wata wuta. Dutsen ya daina aman wuta tun kafin kakannin kakanninmu, abin da ya rage a ramin toka ce da ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai. Amma Kawu ne ke sa hannu a takardun fili da na rumfunan kasuwa, saboda haka kowa ya bar masa wutarsa.

Da zaɓe ya ƙarato sai Haikaeli Kessy ta fito takara. Shekara tara ta yi tana dakon kayan baƙi a kan dutsen kafin ta buɗe shagon hayar rigunan sanyi da takalma a bakin ƙofar gandun daji. Ranar da aka haɗa 'yan takara a filin kasuwa, Kawu ya gama labarin ɗumama hannuwansa kenan ta miƙe, ta rusuna kamar yadda 'ya ke yi wa uba.

"Ina gaisuwa, Baba Makundi. Tambaya ɗaya ce da ni, don mu yara mu ƙaru. In mutum ya tashi daga masaukin Horombo zai tafi masaukin Kibo, a ina yake ɗibar ruwa na ƙarshe?"

Kawu ya gyara zaman tabarau. "Yarinya, ruwa ai ko'ina akwai shi. Mu a zamaninmu a rafin Kibo muke wanka kafin mu ƙarasa sama."

A Kibo ko ɗigon ruwa babu, a ka ake kai shi cikin jarka. Rabin mutanen da ke filin nan sun taɓa ɗaukar jarkar. Dariyar ta fara daga baya, wajen masu sayar da ayaba, ta taho gaba har ta iso kujerun manya. Kawu ya tsaya har ta lafa, sannan ya ɗaga sanda ya yi rantsuwa cewa kafin ranar zaɓe zai kafa tutarsa a ƙololuwa, kowa ya gani da idonsa.

Washegari da safe ya aiko a kira ni. Na same shi a ƙofar gida yana shan romon ayaba da nama.

"Rumisha, kwana nawa ake yi?"

"Shida, Kawu. Biyar ga mai gaggawa, amma ba na ba da shawara."

"Mu yi uku."

"Ba a yi."

"To biyar. Kuma daga yau in muna gaban mutane, Mai girma za ka ce, ba Kawu ba."

Na ce ya riƙa tafiyar awa biyu kullum da safe har mako uku. Ya yi kwana biyu yana takawa daga gida zuwa rumfar da ake sayar da giyar ayaba, ya ce ƙafafunsa sun tuna aikinsu. Likita ya auna shi ya ce zai iya gwadawa, muddin bai tsallake ƙwayar hawan jininsa ba. Shi kuwa Kawu bai taɓa shan ƙwayar nan ba sai matarsa ta sa masa a tafin hannu ta tsaya a kansa. Ta haka Maman Aika ta shiga tafiyar.

Sunanta Ndeshukurwa, amma tun da ta haifi 'yarsu ta fari, Aika, ba wanda ya sake kiranta da shi. Shekararta hamsin da takwas. Kullum kafin rana ta fito ta gangara kwari ta yanko wa shanunta biyu ciyawa, ta hauro da dami a ka, sannan ta shiga gonar ayaba da kofi. Ba ta da yawan magana. Kawu ya ce ta raka shi zuwa masauki na farko ko na biyu, in ta gaji a sa wani ya mai da ita gida. Na ara mata wandona na sanyi, ta ɗaura zanen zumuntar mata a kansa, don ta ce ba za ta wuce gaban fasto da wando ba.

Ranar tashi an cika a bakin ƙofa. 'Yan badujala sun zo, fasto ya yi addu'a, magoya baya wajen arba'in suka yi ta waƙa cewa duk inda Makundi ya sa ƙafa nan za su sa. Da aka zo wajen rubuta suna a littafin shiga sai suka tsaya daga waje suna ɗaga hannu. Mutum ɗaya ne ya biyo mu, sakatarensa Kundaeli, mai ɗaukar hoto. Cikin kayan da aka raba wa 'yan dako akwai kujerar roba, da lasifika, da kwat guda biyu, da tutar kamfe mai ɗauke da fuskar Kawu yana murmushi.

A cikin kurmi Kawu ya saki ƙafa. Na ce, "Sannu-sannu, Mai girma."

"Sannu-sannu ta baƙi ce. Ni a nan aka binne cibiyata."

Ya wuce wasu Jamusawa huɗu, ya wuce wata mata da mijinta, kowa ya wuce sai ya ɗaga masa sanda. Maman Aika tana can baya da fulas ɗin shayi a hannu, tana tafiya irin tata ta dawowa daga kwari. Mun isa Mandara, masauki na farko, da la'asar, Kawu ya sa aka kafa masa kujera da lasifika, ya sauya kwat, ya yi wa Turawan jawabin maraba da zuwa dutsensa. Ba su ji ko kalma ba, amma sun tafa, ɗaya ma ya ba shi cakulan. Da gari ya waye Kundaeli ya tuna cewa akwai taron jam'iyya da ba zai yiwu a yi babu shi ba. Ya miƙa wa Maman Aika wayar ɗaukar hoton, ya juya yana ɗingishi.

Rana ta biyu bishiyoyi suka ƙare, muka fito fili, gajimare ya koma ƙasanmu. Kawu ya daina wuce mutane. Jamusawan nan suka zo suka wuce mu, ɗayansu ya ɗaga masa sanda. A Horombo ya ce kansa na sarawa, kuma laifin mai dafa abinci ne da ya cika gishiri. Na roƙe shi mu ƙara kwana ɗaya a nan jiki ya saba da iskar, ya ce zaɓe ba ya jiran jiki. Maman Aika ta ba shi ƙwayarsa, ta fita ta tsinko ciyawar wurin ta murza a hannu.

"Wannan ko akuya ba za ta ci ba," ta ce da ni. "Gobe ina za mu?"

"Kibo, Mama. In kin gaji akwai wanda zai sauka da ke."

"Gajiyar me? Ba a ɗora mini komai ba."

Tsakanin Horombo da Kibo akwai wani fili da babu komai a cikinsa sai tsakuwa da iska. Kana hango masaukin tun da hantsi kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma sai ka yi awa uku bai matso ba. A nan Kawu ya fara amai. Ya zauna a kujerarsa ta roba a tsakiyar filin, leɓɓansa sun yi shuɗi, ya kira ni da hannu.

"Yarinyar nan ce. Ta sayi mai dafa abincin."

"Dutsen ne, Kawu."

"Mai girma."

"Dutsen ne, Mai girma. Ba ya tambayar katin jam'iyya."

Da ƙyar muka kai shi Kibo wajen ƙarfe uku, mutum biyu na riƙe da shi. Na maƙala masa na'urar auna numfashi a yatsa, na ga lambar, na tambaye shi sunan 'yarsa ta biyu. Sai da ya yi tunani. Na ce yanzun nan zai sauka.

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani. A Kiraweni kai ke sa hannu, a nan ni ne. In ka kwana a nan, gawarka zan kai wa uwata, kuma ba zan iya kallon idonta ba."

Aka turo gadon da muke saukar da marasa lafiya, gadon ƙarfe ne mai taya ɗaya a tsakiya, mutum shida ke riƙe shi. Kawu ya dube shi ya ce wannan ai makara ce. Aka nannaɗe shi cikin bargo aka ɗaɗɗaure. Kafin su tashi ya ce kowa ya matsa, ya jawo ni kusa da bakinsa. Duk da halin da yake ciki, kan siyasarsa bai daina aiki ba.

"Jar rigata ta sanyi kowa ya gan ni da ita a ƙofa. Ka samu wani ya saka, ya rufe fuska da mayafi da baƙin gilashi, ya riƙe tutar a sama. Ka ɗauki hoton daga ɗan nesa."

"Kawu, yaran nan duk 'yan mazaɓarka ne. Wa zai rufe bakinsa?"

"Ni zan saka," in ji Maman Aika. Ashe tana tsaye a bayana.

Kawu ya juyo da ido ya dube ta daga sama har ƙasa. Tsawonsu ɗaya, in ta sa rigar faɗinsu ma ɗaya ne. "Za ki iya, Maman Aika?"

"In na kasa sai a kawo mini irin motarka."

Suka gangara da shi. Hanyar duk duwatsu ce, gadon kuma ba shi da abin rage girgiza, ga shi 'yan dako da gudu suke sauka don mara lafiya ya samu iska da wuri. Tun muna jiyo muryarsa yana ba da umarni a rage gudu, har ta koma roƙo. Daga baya yaran suka ba ni labarin cewa kafin su kai Horombo ya yi musu alkawarin takalma, da rigunan sanyi, da asibitin 'yan dako, da fili ga kowannensu a bakin titi.

Mu kuwa tsakar dare muka tashi kamar yadda ake yi, ni da ita da mataimakina. Ba abin da zan ce game da hawan, domin ba ta ba ni aikin yi ba. Ta sa ƙafarta inda na cire tawa har gari ya fara haske. Sau ɗaya ta tsaya, ta ce yatsunta sun mutu, na murza mata su, muka ci gaba. Rana na fitowa muka kai bakin ramin. Ta dafa dutse tana haki, ta leƙa ciki. Fili ne mai faɗi, toka da ƙanƙara, can gefe ga ganuwar ƙanƙara ta yi ja saboda hasken rana.

"Ina wutar?"

"Babu wuta, Mama."

"Ko can ciki?"

"Ko can ciki."

Ta daɗe tana kallo. "Shekara talatin da biyar ina jin labarin wutar nan," ta ce. Sannan ta kama hanya.

Daga nan zuwa allon ƙololuwa awa ɗaya da rabi ne, kuma nan ne ƙarti ke zama su yi kuka. Ita ma ta jigata, taku goma ta tsaya, taku goma ta tsaya, amma ta kai. Muka bi layi bayan wasu 'yan Italiya. Da aka zo kanmu na warware tutar na ba ta, na ja da baya kamar yadda Kawu ya ce. Ina ɗaga waya sai na ga ta jingine tutar, ta cire gilashin, ta kwance mayafin, ta tura hular rigar baya. Ta zaro ɗankwalin zumuntar mata daga aljihu ta ɗaura da yatsun da ko lanƙwasuwa ba sa yi sosai.

"Mama, ba haka aka ce ba."

"Na ji abin da aka ce. Tun daga Marangu na tako da ƙafata, sai na zo nan in rufe fuska kamar ɓarauniya? Matso kusa, ɗana. Ka ɗauka da kyau."

Na matsa na ɗauka. Ta ɗaga tutar daidai ƙirjinta, fuskar Kawu na murmushi a ƙasa, tata a sama ba murmushi. Ko da na so ɓoye hoton ba zai yiwu ba, don akwai jagorori uku 'yan garinmu a wurin da nasu baƙin, kuma duk sun ciro wayoyinsu. A bakin ramin akwai inda waya ke kamawa. Kafin mu sauko Kibo hoton ya riga mu isa kasuwar Kiraweni.

Da yamma muka iso Horombo. Kawu ya warke sarai, kamar yadda ciwon dutse ke yi da zarar an sauko. Yana zaune a kujerarsa da kwanon tuwon masara, sai dai a karkace yake zaune saboda abin da gadon ya yi wa bayansa. Ya miƙo hannu na ba shi wayar. Ya kalli hoton, ya matsar da shi nesa, ya matso da shi kusa.

"Maman Aika, me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba, Baban Aika. Ka sha ƙwayarka?"

"Kin kashe ni. Kin miƙa wa yarinyar nan kujerata a faranti."

"Tutarka ta kai. Ba abin da ka rantse a kai ke nan ba?"

Ya sake kallon hoton. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, don ya ajiye kwanon ya gyara zama, har ya manta da ciwon bayan.

Washegari motar marasa lafiya ta ɗauke shi daga Horombo. Ya sa direban ya sauke shi a cikin kurmi, tafiyar minti goma kafin ƙofa, ya zauna a kan kututture ya jira mu, ya sa kwat ɗinsa na biyu. Tare muka fito. Taron ya ninka na ranar tashi, amma yawanci mata ne, da zanen zumunta iri ɗaya. Suka wuce Kawu kamar ba su gan shi ba, suka ɗaga Maman Aika sama suna guɗa. Ma'aikacin ƙofa ya rubuta takardar shaida da cikakken sunanta, Ndeshukurwa Makundi, ta sa aka karanta mata sau biyu. Haikaeli ma ta fito daga shagonta ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce rigar sanyi kyauta ce gare ta duk ranar da ta so komawa.

Kawu ya karɓi lasifika ya jira badujala ta yi shiru.

"Jama'ar Kiraweni, na yi muku alkawarin tutata za ta kai sama. Ta kai ko ba ta kai ba?"

Aka ce ta kai.

"Fuskar wa kuka gani a jikinta?"

Aka ce tasa, ana dariya.

"Ranar da aka ɗaura mana aure, a gaban iyayen wasunku, fasto ya ce ni da matar nan mun zama jiki ɗaya. Fasto, ƙarya na yi? To jikin nan ya hau Kilimanjaro. Rabi ya tsaya a Kibo don duba halin da 'yan dakonmu ke ciki, rabi ya ƙarasa."

Fasto ya sunkuyar da kai yana goge tabarau. 'Yan dakon da suka sauko da shi suka fi kowa tafi.

Cikin kwana uku hoton ya zama fosta, an rubuta a ƙasa: Makundi a Ƙololuwa. Ba wanda zai ce ƙarya ne. Haikaeli ta yi ta bayani a kan ruwan sha da hanyar da damina ke cinyewa, mutane suna gyaɗa kai, amma hira duk ta koma kan fostar. Kawu ya ci zaɓe da ratar ƙuri'a sittin da ɗaya. Matan zumunta sun ce su dai Maman Aika suka zaɓa, sunanta ne dai ba su gani a takardar ba sai na gidanta. Ita kuwa ta sa takardar shaidarta a gilashi ta rataye a ɗakinta, ba a falo ba inda Kawu ya so, ta koma harkokinta.

Bayan rantsarwa yaran nan shida suka je masa maganar takalma da filaye. Ya karɓe su hannu biyu, ya sa aka kawo musu shayi, ya kafa kwamiti, ya naɗa kansa shugaba. Kwamitin ya zauna sau biyu. Takalma ba su zo ba, asibiti ma haka. Amma abu ɗaya Kawu ya bi da gaske, ya yi ta zirga-zirga zuwa birnin Moshi a kansa, ya rubuta wasiƙu, ya buga tebur, har ya sa hannu a aljihunsa da abin ya ƙi: katifa. Yanzu kowane gadon saukar da marasa lafiya a hanyarmu yana da katifar soso mai kauri, an lulluɓe ta da jar leda, an rubuta a jiki da manyan baƙaƙe cewa gudummawa ce daga Mai girma Kansila E. Makundi. A shekara goma sha biyar da ya yi a kujera, shi ne aikin da na san ya fara ya kuma gama.

Makon jiya na saukar da wani ɗan Kanada a kai. Da muka isa Horombo ya samu bakin magana, ya shafa katifar ya tambaye ni wane ne wannan Makundi. Na ce wani dattijo ne a garinmu da ya san hanyar nan sosai, musamman wajen saukowa.